Allo ba ya jiran makaɗi: yadda ake yi wa fim kiɗa a gaban 'yan kallo

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ɗanka ne daga unguwar Nima a Akra. Sana'ata haɗa sauti a wajen biki da suna, ina da miksa da lasifika ina bayarwa haya. Yayana da ke Jamus ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp: ƙaton zaure, ana haska fim a allo, a ƙarƙashin allon kuma ga makaɗa sun fi saba'in da goge da ƙaho da ganguna, wai su ne ke yin kiɗan fim ɗin yayin da ake kallo. Mun yi musu sosai a majalisarmu. Wasu sun ce naɗaɗɗen kiɗa ake sakawa, su makaɗan motsa hannu kawai suke yi. Da gaske suke kaɗawa? In da gaske ne, yaya kiɗan yake faɗawa daidai da abin da ke faruwa a allo? Kuma za a iya yin irin wannan a nan Akra, ko da fim ɗin Hausa ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka koma majalisa ka gaya musu kai ne da gaskiya. Kiɗan da ka ji daga hannu da bakin mutanen nan yake fitowa a daidai wannan lokacin. Sai dai kada ka yi wa abokan musunka dariya da yawa, don sun ɗan taɓa gaskiya ta wani gefe.

Mu fara da sautin fim, tunda gonarka ce. Abin da kunne ke ji kamar dunƙule guda, a situdiyo kashi uku ne, kowane da layinsa: maganar 'yan wasa, ƙarar abubuwa irin su takun ƙafa da ruwan sama da harbin bindiga, sai kuma kiɗa. Sai a ƙarshen aiki ake gauraya su. Manyan kamfanonin fim suna ajiye ukun nan a rarrabe saboda kasuwa, don in za a juya fim zuwa Faransanci ko Larabci layin magana kaɗai za a cire a sa wani. To don irin wasan da ka gani, sai a yi kwafi na musamman, a kashe layin kiɗa, a bar magana da ƙara. Da za ka zauna ka kalli wannan kwafin kai kaɗai, da ka ji fim ɗin ya yi lami: jarumi na ta sheƙa gudu amma kai gabanka ko faɗuwa ba ya yi. Wannan gurbin ne makaɗan ke cikewa.

Ba kowane abu mai kama da kiɗa ake cirewa ba, nan ne abokanka suka dace. In a cikin labarin wani ya kunna rediyo a mota, yawanci ana barin waƙar a cikin kwafin. Haka muryar mawaƙi in fim ɗin na waƙe-waƙe ne, haka wasu sautuka da aka ƙera a kwamfuta waɗanda babu goge ko ƙahon da zai fitar da su. Waɗannan naɗaɗɗu ne. Sauran kuwa, kuma shi ne mafi yawa, gumin mutane ne. Ka ma tambaye su: wane ɗan kasuwa ne zai biya mutum tamanin kuɗin atisaye da kuɗin wasa don su zauna suna motsa hannu? Da yaudara ake nufi, ai mutum goma sun isa.

Yanzu ga inda wuyar take. Ka san makaɗin kalangu a wajen biki. Idonsa na kan mai rawa, ita kuma kunnenta na kan gangarsa. In ta ƙara wuta ya bi ta, in ya ja da baya ta saurara masa, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Allo ba ya rufa wa kowa asiri. Ba ya ji, ba ya jira. Hoto 24 yake wucewa a kowace daƙiƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa sun shirya ko ba su shirya ba. A wasan okestira na yau da kullum, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin wadda ka gani, madugun nan mai riƙe da 'yar sanda shi ne wuƙa da nama, in ya ga dama ya ja kiɗa, in ya ga dama ya kora shi. A wasan fim shi ma umarni yake karɓa.

Yi lissafin da kanka. Kiɗan da ke tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato hoto 12. A ce makaɗa sun ɗan zaƙe suna yin 121. Babu kunnen da zai kama wannan bambancin. Amma bayan minti ɗaya sun riga fim ɗin da rabin daƙiƙa, bayan minti uku da daƙiƙa ɗaya da rabi. Tambarin da aka tanada don lokacin da takobi zai sauka sai ya buga mutumin bai ma zare shi daga kube ba. Duk wanda ke zauren zai gane, har yaro.

Saboda haka madugun ba ya dogara da babban allon da jama'a ke kallo. In ka sake duba bidiyon da kyau za ka hango wani ƙaramin allo a gabansa, kusa da takardun kiɗansa. Fim ɗaya ne ke tafiya a ciki, amma da alamomin da 'yan kallo ba sa gani. Akwai layi a tsaye da ke tasowa daga hagu yana ratsa hoton zuwa dama, yawanci cikin daƙiƙa biyu. Ganin tasowarsa gargaɗi ne, isarsa gefen dama kuwa shi ne wurin da dole sanda ta sauka. Ana bambanta launin layukan, a san na farawa da na tsayawa da na canjin sauri. Akwai kuma farar da'ira da ke walƙawa a tsakiyar hoton, sau da yawa a farkon kowace gaɓar kiɗa, don madugu ya san yana kan hanya ko ya fara zamewa. A kusurwa ga lambar gaɓa da agogo suna gudu.

Dabarar tsohuwa ce, ta situdiyon Hollywood ce tun kafin kwamfuta, ana danganta ta da Alfred Newman, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen kiɗa na kamfanin 20th Century Fox. A lokacin da hannu ake yi. Mai tsara kiɗa zai ɗauki kwafin fim na leda, ya kankare layi a karkace a kan tsawon ƙafa uku. Kowace ƙafa hoto 16 ce, uku sun ba da 48, daƙiƙa biyu ke nan cif. In aka haska sai kankarar ta fito kamar sanda mai tafiya. Walƙiyar kuma huda ce ta gaske, da abin huda takarda ake fasa hoto ɗaya hasken majigi ya ɓullo. Yau manhaja ke zana su, amma siffarsu ba ta canja ba. David Newman, ɗan Alfred ɗin, yana cikin waɗanda suka shahara da jagorantar irin waɗannan wasanni a zamanin nan.

Hanya ta biyu ta kunne ce. Ana aika wa madugu wani ɗan sauti, tak, tak, tak, ta abin sawa a kunne, an ɗaure shi da fim ɗin tun daga kwamfuta, yana ƙara sauri yana ragewa daidai yadda aka naɗi kiɗan na asali. Sau da yawa masu ganguna da shugabannin sassa su ma suna sawa, a kunne ɗaya, su bar ɗayan don jin na kusa da su. Wannan ma tun shekarun 1930 ake amfani da shi, mai tsara kiɗan fim Max Steiner na cikin waɗanda suka yaɗa shi. Duk inda akwai naɗaɗɗiyar murya ko sautin kwamfuta da za a raka, tak-tak ɗin dole ne. Haka wajen faɗa da tsere, inda kiɗa ke gudu kuma kowane bugu na da mazauninsa.

Ni dai in ka tambaye ni, madugun da ya jingina da tak-tak daga farko har ƙarshe ya rage wa mutane abin da suka biya. Kiɗan yakan fito daidai amma a sandare, ba numfashi. A wurin baƙin ciki ko bankwana, gwanin madugu yakan cire abin kunnen ya bi layi kawai. Zai bar masu goge su ja yadda ransu ya so, ya ci bashin rabin daƙiƙa a nan, ya biya a gaba kafin layi ya kai gefe. Wannan cin bashi da biya shi ne gwanintar, kuma shi ya sa wasan daren Juma'a ba ya zama ɗaya da na daren Asabar ko da fim ɗaya ne.

Akwai labarin da masu wannan sana'a ba sa gajiya da bayarwa. Lokacin naɗar kiɗan fim ɗin E.T. na 1982, mai tsara kiɗan, John Williams, ya yi ta fama da dogon kiɗan ƙarshe. In ya dace da hoto sai kiɗan ya rasa rai, in ya sake shi sai ya kauce wa hoto. Daga baya darakta Steven Spielberg ya ce a kashe majigi, ya kaɗa yadda yake ji, shi zai sake yanka fim ɗin ya bi kiɗan. Haka aka yi. Bayan shekara ashirin, a 2002, Williams ya tsaya a zauren Shrine da ke Los Angeles ya jagoranci kiɗan fim ɗin gaba ɗaya a gaban jama'a, a ranar kuwa babu mai kashe masa majigi.

Ga kuma gajiya, wadda ba a gani a bidiyo. A situdiyo guntu-guntu ake naɗar kiɗan fim, minti biyu ko uku, a huta, a maimaita wanda bai yi ba, a kwashe kwanaki. Wanda ya rubuta shi bai yi tunanin leɓen mai busa ƙaho zai ɗauke shi duka a zama ɗaya ba. Shi ya sa ake yanka hutu a tsakiyar fim ko da asalinsa ba shi da hutu. Wani lokacin kuma akasin haka ne, 'yan wasa su yi minti goma suna magana, mutum tamanin na zaune cikin duhu suna ƙirga, sannan a ce su shigo kan hoto ɗaya tak. Atisaye kuwa ba ya yawa, sau biyu ko uku ne galibi, don kowane zama kuɗi ne.

Sashen da ya fi shafarka shi ne na mai miksa, kuma in wasa ya lalace sau da yawa daga nan ne. A situdiyo in jarumi zai yi raɗa, sai a ja layin kiɗa ƙasa, shi ke nan. A zaure babu maɓallin da zai rage ƙarar masu ƙaho goma sha biyu da ke zaune a gabanka. Don haka tun a takarda ake gyara, a rage ƙarfin wasu wurare, wani lokaci a cire wasu kayan. Duk da haka magana takan nutse, shi ya sa ake sa rubutu a ƙasan allo ko da fim ɗin da harshen 'yan kallo yake. Sannan ga tafiyar sauti. A iska yana yin kusan mita 343 a daƙiƙa. Wanda ke zaune mita 34 daga dandamali, sauti na isa gare shi bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya fi hoto biyu, alhali haske ya riga ya kai masa. In ka sa lasifika a tsakiyar zaure ba ka jinkirta ta ba, na baya zai ji bugu ɗaya sau biyu, na lasifika da na dandamali. Kai ka san wannan matsalar daga manyan wa'azi da mauludi, sai dai a nan akwai leɓen ɗan wasa a allo da zai tona maka asiri.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne wannan ba sabon abu ba ne, komawa baya aka yi. Daga 1895, lokacin da 'yan'uwan nan Lumière suka fara haska fim ga masu biyan kuɗi a Paris, har wajen 1927 da fim mai magana ya kama kasuwa, fim bebe ne, kuma da makaɗa a gefe ake kallonsa. Ƙaramin gida mai fiyano ɗaya, babban gida cikakkiyar ƙungiya. Tun 1908 Camille Saint-Saëns, babban mai tsara kiɗa na Faransa, ya rubuta wa wani fim kiɗansa na musamman. Mu ma nan Akra mun ga wannan zamani, a shekarun 1920 ana haska fim bebe a gidan silima na Palladium na ɗan kasuwa Alfred Ocansey. Da sauti ya hau kan ledar fim, dubban makaɗan gidajen silima a Amurka da Turai suka rasa abinci cikin 'yan shekaru.

Dawowar ta faro ne da tsofaffin finafinai. A 1980 aka haska Napoléon na Abel Gance, fim bebe na 1927 mai kusan awa biyar, a Landan da sabon kiɗan Carl Davis, mutane suka yi ta rububi. A 1987 okestirar Los Angeles ta raka Alexander Nevsky, fim ɗin Rasha na 1938, saboda kiɗan da Prokofiev ya tsara masa babba ne amma naɗin da ke jikin fim ɗin ya yi muni ƙwarai. Wanda ya buɗe kasuwar yadda take yau shi ne kashin farko na The Lord of the Rings, da aka yi a Lucerne ta Suwizalan a 2008 ƙarƙashin Ludwig Wicki, da makaɗa da mawaƙa sama da 200, fim na kusan awa uku. Ƙungiyoyin okestira sun rungumi abin ne don yana kawo musu matasa da iyalai waɗanda ba su taɓa taka zaurensu ba, kuma tikiti na ƙarewa.

A nan zan faɗa maka abin da masu talla ba sa faɗa. Bayan minti goma sha biyar mafi yawan 'yan kallo sun manta akwai makaɗa, labari ya tafi da su. In aikin ya yi kyau ma haka ya kamata ya kasance. Sai a ƙarshe, lokacin da sunaye ke hawa allo, ido ke dawowa kan dandamali. Kuma ba kowane fim ya cancanci wannan wahalar ba. Fim mai yawan surutu da ɗan kiɗa jefi-jefi, asarar kuɗin tikiti ne. Akwai wani nau'in wasan kuma da ya sha bamban, wanda ake kaɗa zaɓaɓɓun kiɗe-kiɗe daga finafinai da yawa ana haska guntayen hotuna a baya. A can sau da yawa hoton ne ke bin makaɗa, akwai mai zama kan kwamfuta yana sakin guntaye. Ya fi sauƙi nesa, kuma ga mai son jin kiɗa zalla ya fi daɗi.

To, Akra fa?

Makaɗa muna da su. Okestirar ƙasar Ghana tun 1959 aka kafa ta, zamanin Kwame Nkrumah, ta hannun Philip Gbeho wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa. Mazauninta gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da China ta gina aka buɗe a 1992, mai ɗaukar mutum kusan 1,500. Ga masu busa na sojoji da 'yan sanda da suka iya karanta rubutaccen kiɗa, ga ɗaliban kiɗa na jami'o'in Legon da Winneba, ga ƙungiyoyin mawaƙa birjik. Abin da ke da nauyi yana wani wajen.

Fim ɗin Hollywood ba a saukar da shi daga intanet a haska. Kamfanin da ke riƙe da izinin wasan shi zai ba ka haya komai a dunƙule: kwafin da aka cire wa kiɗa, kwafin madugu mai alamomi, takardun kowane makaɗi, sau da yawa har da injiniyansu da zai zo ya tafiyar da na'ura. Zai gindaya maka yawan makaɗa da irin kayan da dole a samu da girman allo. Duk wannan da dala ko yuro ake biya, kai kuma da sidi, kuɗin Ghana, za ka sayar da tikiti. A sa kuɗin jirgi da masauki, a sa na zaure, sannan a sa janareta da batirin da zai riƙe majigi da kwamfuta in an ɗauke wuta, don in allo ya mutu na daƙiƙa biyar sai an tsaya an nemi gaɓar da kowa zai koma. Ba tare da babban kamfani ya ɗauki nauyi ba, tikitin zai fi ƙarfin mutanen da kake son su zo. A gida kuma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2005, da GHAMRO mai karɓar haƙƙin masu kiɗa, da ARSOG ta masu fim, da hukumar fim ta ƙasa da dokar 2016 ta kafa, wadda ke tantance abin da za a haska wa jama'a.

Ni a ganina kwaikwayon abin da yayanka ya gani a Jamus ba shi ne hanyarmu ba, kuma Hollywood ɗin da kanta ta nuna mana ƙofa. Kafin Ludwig Göransson ya rubuta kiɗan Black Panther na 2018, sai da ya je Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasa. Ya ɗauko tama, 'yar gangar hammata ta Senegal, ƙanwar kalangu da dondo, ya mai da ita muryar sarkin labarin, gangar na kiran sunansa kamar yadda ake yi wa basarake take. Abokin gabarsa kuma aka ba shi sarewar Fulani. Kiɗan ya ci kyautar Oscar a 2019. Da aka yi wasan fim ɗin kai tsaye a filin wasa na Hollywood Bowl da ke Los Angeles a watan Satumba na 2021, Baaba Maal da makaɗin tama Massamba Diop suna kan dandamali tare da okestirar Los Angeles. Abin da aka ɗauko mutum daga Senegal ya yi, akwai masu yin irinsa a Nima da Sabon Zongo da Aboabo. Kuma tun 1988 Nana Danso Abiam ya kafa Pan African Orchestra a nan garin da atenteben, wato sarewar gora, da goge da gyil, wato jerin katakai da ake bugawa da sanda, da ganguna, ya nuna kayanmu na iya zama a jere su yi aiki kamar okestira.

Fim ɗin Hausa kuwa yana da sauƙi ɗaya da wahala biyu. Sauƙin yana wajen waƙa. A finafinan Kano, kamar na Indiya da iyayenku suka yi ta cika silimar Dunia don su, waƙar ake fara naɗa, sannan 'yan wasa su yi rawa suna bin ta da baki. Hoton ne ya bi kiɗa tun asali, saurin kuma ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, don haka tak-tak ɗinsa yaro ma zai haɗa. Kunnen Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga okestira, tarin gogen nan da ke tashi a tsofaffin waƙoƙin Indiya ai ita ce.

Wahala ta farko, kiɗan a kan fiyanon lantarki mutum ɗaya ya yi shi a situdiyo, ba a taɓa rubuta shi ba. Sai an samu wanda zai zauna ya saurara ya rubuta, ya raba wa kowane makaɗi nasa. Aiki ne na makonni, amma ana yi. Ko a Amurka an yi, don kamfanin MGM ya zubar da takardun kiɗan finafinansa a 1969, daga baya sai da kunne aka sake rubuta da yawansu. Ta biyu ta fi tsanani: finafinanmu da yawa, na Kano da na Kumasi, layi ɗaya aka fitar da su, magana da kiɗa a cakuɗe, fayilolin asali kuma sun tafi da kwamfutar da ta lalace. Akwai manhajojin da ke raba murya da kiɗa yanzu, sun kuma yi nisa, amma ragowar da ba ka ji a waya za ka ji ta a babbar lasifika. In kana da aboki mai shirya fim, ka ce ya riƙa fitar da layukan uku daban yana ajiyewa wuri biyu. Ka kula da saurin hoto ma. Silima 24 ce, talabijin ɗinmu 25. In aka haɗa alamomi a kan ɗaya aka haska ɗayan, fim na awa biyu zai sha bamban da kusan minti biyar.

Da ni ne kai, da ƙarami zan fara. Ka nemi gajeren fim na minti goma ko sha biyar daga wani matashin darakta da zai ba ka izini a rubuce da layukansa a rarrabe. Fim bebe ma ya yi, da yawa daga na shekarun 1910 da 1920 haƙƙinsu ya ƙare, amma ka bincika kowane ɗaya, don iyalan Charlie Chaplin alal misali ba sa yarda a haska manyan finafinansa da wani kiɗa in ba nasa ba. Makaɗa shida zuwa takwas sun isa: kalangu, goge, sarewa, gita mai kauri, fiyano, ƙaho ɗaya ko biyu. Ba sai sun iya karatun kiɗa ba. Ku kalli fim ɗin tare har ku haddace shi, ku yanke wa kowane babban ɗan wasa takensa, ku rubuta a takarda minti da daƙiƙar da kowane kiɗa zai shiga da inda zai fita. Layi mai tafiya da walƙiya kai da kanka za ka iya zana su a kowace manhajar yanka bidiyo, ka fitar da kwafi biyu masu tsawo ɗaya, ka tura su daga kwamfuta guda don kada ɗaya ya riga ɗaya: mai tsabta zuwa majigi, mai alamomi zuwa ƙaramin allo a gaban shugaban makaɗa.

In a fili za ku yi, rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara a Akra, don haka bayan Isha'i duhu ya yi yadda majigi ke so. Ku guji watannin Mayu da Yuni saboda ruwa. Fitilar makaɗa ta zama ƙarama mai kallon ƙasa, in ba haka ba ta wanke allon. Maganar fim ka ba ta lasifikarta daban a ƙarƙashin allo ko gefensa, kada ka cusa ta inda ganguna ke fita. Mai kalangu kuma ka zaunar da shi inda zai ga allon da idonsa, ka ba shi ɗan abin kunne ya riƙa jin maganar 'yan wasa, don shi da magana yake aiki, in ya ji ta zai san inda zai amsa da inda zai yi shiru.